Ruwa a filin golf: tsallakewa ko zagayawa?

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Wani mai bibiyarmu daga Karare, can wajen Batsari, ya turo tambaya. Ya ce ya ga bidiyon filin golf cike da tafkuna, ɗan wasa ya buga ƙwallo ta faɗa ruwa, ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. Wai me ya kai ruwa filin wasa, kuma filin da ya fi ruwa shi ya fi kyau?

To malam, bari mu fara daga tushe. A golf, mai ƙarancin bugu shi ke cin wasa. Cikakken fili ramuka 18 ne, kowane rami da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta shiga: uku, huɗu ko biyar. Ruwan da ka gani da gangan aka bar shi a hanya. Idan ƙwallonka ta nutse, tarar bugu ɗaya ce. Bugun da ka yi ɗaya, tara biyu, wanda za ka yi yanzu na uku ke nan, alhali ko kusa da ramin ba ka je ba. Ga kuma ƙwallon ta tafi, kuma ba araha gare ta ba.

Ana kafa turaku a bakin ruwan, kuma launinsu na da ma'ana. Idan rawaya ne, ko ka koma inda ka buga, ko ka ja baya ta yadda ruwan zai ci gaba da zama tsakaninka da rami. Idan ja ne, an ƙara maka sauƙi: kana iya sakin ƙwallo a gefe, cikin tsawon sanda biyu daga inda ta shiga, muddin ba ka matsa kusa da rami ba. Tun 2019 daga tsayin gwiwa ake sakinta. Kuma doka ba ta hana ka shiga ruwan ka buga ta a inda take ba, babu tara. In ka isa.

Akwai wanda ya so gwadawa. A 1999, a gasar Open da aka yi a Carnoustie ta Sikotland, wani Bafaranshe mai suna Jean van de Velde ya iso ramin ƙarshe yana gaba da bugu uku. Ramin na bugu huɗu ne, ko shida ya yi kofi nasa ne. Wani rafi, Barry Burn, ya ratsa gaban ramin. Abin da kawai ake buƙata shi ne ya bi a hankali, gajeren bugu, gajeren bugu, ya tsallake daga kusa. Ina! Sai ya nemi kaiwa daga nesa. Bugu na biyu ya daki wurin zaman 'yan kallo, ƙwallo ta dawo cikin doguwar ciyawa. Na uku, tsundum cikin rafi. Bawan Allah ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana kallon ƙwallon, duniya na kallonsa. Daga baya ya haƙura ya karɓi tara. Bakwai ya yi, aka tafi raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauke kofin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafi da babur a watan Agusta ya san wannan lissafin. Ka kutsa ka isa da wuri, ko ka zagaya ta inda ruwan bai da zurfi ka ɓata lokaci. Abin da ruwan golf ke tambayarka ke nan, kuma a ganina da shi ake auna fili. Ba yawan tafkunan ake ƙirgawa ba. Ka tsaya a kowane rami ka duba: ana ganin ruwan daga inda ake bugawa, ko ɓoye yake? Akwai hanyar zagaye ga mai koyo, ko da zai ƙara bugu ɗaya? Wanda ya yi kasada ya tsallake, ya sami wata riba? Idan amsoshin e ne, ruwan ya yi aikinsa.

Akwai ramin da ya karya wannan ƙa'ida kuma ya yi suna da hakan: rami na 17 a filin TPC Sawgrass da ke Florida a Amurka, wanda Pete Dye ya zana. Yadi 137 ne kacal, ya ɗan fi filin ƙwallon ƙafa tsawo, amma wurin ramin kusan tsibiri ne, ruwa ta ko'ina sai 'yar siririyar hanyar ƙafa. A ranar farko ta gasar Players a 2007, ƙwallo 50 suka faɗa ruwan nan, kuma ƙwararrun duniya ne fa ke bugawa. Rami ɗaya irin wannan, ga daɗin kallo. Amma a ce rabin fili haka yake? Mai koyo zai ƙarar da ƙwallayensa kafin azahar ya koma gida.

A nan gida, filin da aka fi sani da ruwa shi ne na IBB da ke Abuja, mai ramuka 18, inda ake bi ta kan gadoji saboda rafuka da tafkunan da ke ciki. Tsofaffin filayen Arewa kuwa, irin na zamanin Turawa, matsalarsu akasin haka ce. Rashin ruwan ban ciyawa ya sa a da wurin ramin rairayi ne da aka gauraya da mai aka baje. Shi ya sa in ka ga tafki a filin golf a ƙasa mai dogon rani, sau da yawa aiki biyu yake yi: tarko ne ga ɗan wasa, kuma daga nan ake jan ruwan da ciyawa ke sha. Mutumin Karare da ya san wahalar ruwa a watan Afrilu yana da damar tambayar daga ina ake cika shi.

Ku ajiye mana tambayoyinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.