Zogalen Ɗanbatta A Kantin Nasarawa

Ranar wata Lahadi cikin kaka na ci kasuwar Ɗanbatta, na sayo busasshen zogale da kuka da zoɓo, kwano-kwano, bayan mun sha tayi da albarka da mai kayan har ta sallama, ta kuma yi mini gyara. Kwana uku bayan haka maiɗakina ta aike ni wani kanti a Nasarawa cikin Kano, irin wanda mutum ke tura ɗan keke yana zaɓar kaya da kansa. A kan wata kanta na tarar da zogalen nan dai, an niƙe shi, an ɗura a 'yar roba mai murfi, an rubuta masa Moringa. Kuka ta zama Baobab, zoɓo ya koma Hibiscus. Abin da ke cikin robar bai cika tafi biyu ba, amma kuɗinsa ya ɗara na kwanon da na sayo.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in fara da kalmar kanti ita kanta. Aro ce daga Ingilishi, daga sunan da Turawa ke kiran shagunan kamfanoninsu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO suka kafa kantunansu kusa da tasha, a wajen ganuwa. Kwarori suka biyo baya, daga nan muka sami sunan Kantin Kwari. Kasuwa kuwa tana tsakiyar jama'a, kamar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ke nan tun ran gini tun ran zane: kasuwa tana bin taron mutane, kanti yana bin mai tsabar kuɗi a hannu. Kingsway da Leventis da iyayenmu ma'aikata suka sani duk wannan sawun suka taka.

Har yau lissafin bai sake ba. Mai karatu ya duba inda kantunan kayan abinci na musamman suka tare a Kano: Nasarawa, Bompai, Titin Gidan Zoo. Abu uku mai kanti ke nema kafin ya kama haya, wato mota da wuta da albashi. Cuku da tuffa da inabi ba sa zama sai da firji, a kantin da kuma gidan mai saye. Wanda zai yi cefanen wata guda a zuwa ɗaya dole yana da abin ɗauka, dole kuma kuɗinsa a dunƙule suke zuwa. Shi ya sa za ka tarar da ma'aikacin banki da likita da matar ɗan kasuwa, sai Kwara da Ba'indiye da ɗan Sin masu neman abincin gida, sai kuma irinmu malaman jami'a a makon da albashi ya shigo.

To, me ya rage Ɗanbatta? Ba mutane ba ne, domin a ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar ta haura mutum 200,000, gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye. Ba kuma kuɗi ba ne. Duk wanda ya leƙa kara ranar kasuwa ya ga cinikin shanu ya san haka. Sai dai kuɗin manomi da kaka suke zuwa, hatsinsa yana rumbu, abin da yake saye kullum ƙullin gishiri ne da ɗan mai da dunƙule, wajen mai tebur wanda ya san shi, ya san mahaifinsa, zai kuma ɗaga masa ƙafa har ranar kasuwa. Kanti bai san bashi ba, bai san gyara ba, ko gaisuwa ba lallai ba ce. Masu albashin garin kuwa, Kano tafiyar kimanin awa guda ce a mota, can da yawansu ke yo sayayya. Hatta mu da muka bar ƙauye, in za mu gida da salla, a Kano muke cika bayan mota da tsaraba.

Amma kada a ce mutumin karkara ba ya biyan kuɗi don kaya na musamman. Shagunan zuma da man zaitun da habbatus-sauda da dabino sun shiga garuruwa irin Ɗanbatta tun tuni, ana kuwa saye da tsada. Kayansu ba sa bukatar firji, mai shagon kuma yana magana da harshen da mai saye ke ji, ya kuma amince da shi. A ɗaya ɓangaren, Shoprite da ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ta rufe reshen a Janairun 2024, alhali Singa da 'Yankaba suna nan maƙil. Ko a birnin ma, masu tura keken nan ba su da yawan da ake zato.

Don haka ni ban damu da a kawo wa Ɗanbatta kanti mai ƙofar gilashi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ribar da ke tsakanin kwano da roba, wadda ko sisinta ba ya komawa ga matar da ta tsinko ganyen. Me aka ƙara wa zogalen? Tankaɗe, injin liƙe murfi, lambar hukumar NAFDAC, sai suna. Babu ɗaya cikinsu da ya fi ƙarfin ƙungiyar mata ko ta matasa a garin da ke da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako. Sunan ne ma ya fi ba ni takaici, domin mai sayen a Nasarawa da kwaɗon zogale ya tashi, amma sai an kira masa shi da Turanci yake ganin ya isa a biya shi da daraja. Laifin namu ne 'yan boko, kuma mu ne za mu iya fara tambayar robar da aka rubuta wa zogale, da boko da ajami, da sunan garin da aka noma shi.

Na sayi robar guda na kai wa gyatumata. Ta buɗe, ta shinshina, ta murza garin da yatsa, ta ce wannan a rana aka shanya shi, ba a inuwa ba, shi ya sa ya koɗe. Ta tambayi kuɗinsa, na ce kyauta aka ba ni.