Waƙafin sama da shiryayyen umarnin SQL

Yawancin manhajojin intanet da ke ajiye sunaye da lissafi suna magana da rumbun bayanai ne da yaren SQL. A wannan yare, waƙafin sama shi ke buɗe rubutu, shi ke rufe shi. A arewacin Benin kuwa wannan alama ta cika sunayen mutane da na garuruwa.

A ɗauki dillalin doya a kasuwar Arzèkè ta Parakou mai manhajar rubuta masu saye da bashin da yake bin su. Idan wanda ya rubuta manhajar yana manna duk abin da aka shigar kai tsaye cikin umarnin SQL, ranar da aka rubuta mai saye daga N'Dali, ko wani Sa'idu daga Djougou, rumbun zai ɗauka rubutun ya ƙare a kan waƙafin, sauran haruffan su zame masa shirme, umarnin ya lalace. Wannan ma da sauƙi. Ɓarawo da gangan yake sa waƙafin, ya biyo shi da nasa umarnin, sai rumbun ya zazzage masa bayanan kowa ko ya shigar da shi ba da kalmar sirri ba. Tun 1998 mujallar Phrack ta bayyana wannan dabara, amma a 2015 da ita aka kutsa kamfanin TalkTalk na Birtaniya, har hukuma ta ci shi tarar fam 400,000.

Maganin wannan matsala shi ne shiryayyen umarni, wanda ke raba aikin gida biyu. Da farko ana tura wa rumbun ƙashin umarnin, da alamar tambaya ko wani suna a kowane gurbi. Rumbun ya tantance shi, ya san abin da ake nema. Sannan a ɗaure wa kowane gurbi abin da zai cike shi. Tunda an riga an yanke siffar umarnin, duk abin da ya shigo daga baya bayani ne kawai, ba zai taɓa zama umarni ba. N'Dali ya shiga da waƙafinsa lafiya.

A yaren PHP, mysqli da PDO kayan aiki ne na magana da rumbun. A mysqli akan faɗi nau'in kowane abu da harafi: s ga rubutu, i ga cikakkiyar lamba. PDO, wanda ya shigo tare da PHP 5.1 a 2005, yana da hanyoyi biyu da ke rikita masu koyo. bindValue na ɗaukar ƙimar da ke cikin ma'aji (variable) a daidai lokacin ɗaurin. bindParam kuwa ma'ajin kansa yake riƙewa, ba ya leƙa ciki sai an zo zartarwa. Wannan na da amfani idan za a shigar da buhu ɗari da umarni ɗaya, amma wanda ya ɗaure gurabe da yawa da ma'aji guda cikin zagaye zai tarar duk sun ɗauki ƙimar ƙarshe.

Gurbi ba ya karɓar sunan tebur ko na ginshiƙi. Idan dillalin na son zaɓar jera lissafinsa bisa suna ko bisa yawan sefa, dole manhajar ta gwada zaɓin da jerin sunayen da aka amince da su tun farko, kafin ta sa shi cikin umarnin.