Ƴar takardar da ke biye da makullin ɗaki

A wani otal matsakaici a birnin Kano, kafin baƙo ya tambayi ruwan zafi ko lokacin da ake kunna janareta, yakan fara da cewa: "Akwai waifai?" Sai ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ta miƙa masa makulli, haɗe da wata ƴar takarda mai lambobi, ta ce: "Ga shi, ranka ya daɗe, waya biyu yake ɗauka."

Da baƙo ya haɗa wayarsa, shafin otal ɗin ya buɗe da kansa. Ya shigar da lambar, lokacinsa ya fara tafiya. Ranar da ya sallami ɗaki, ranar lambar ke mutuwa.

A da kalmar sirri ɗaya ce, an manna ta a bango. Abin da baki biyu ya sani kuwa ya zama na gari. Masu adaidaita sahu da ke jiran fasinja a ƙofa suka samu, samarin unguwa suka mai da gindin katanga wurin hira, suna sauke fina-finan Indiya har tsakar dare. Ɗan kasuwar da ya zo sari Kantin Kwari, ya biya kuɗin ɗaki, sai ya kasa tura hoton atamfa ta WhatsApp.

Gyaran yana cikin wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene. Can aka ajiye na'urar MikroTik, ƙirar wani kamfanin ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, kusa da baturan da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta. Ita ke fitar da lambobin, ta yanka wa kowa iyakar gudunsa, ta kuma gane kowace waya da lambar shaidarta. A saman rufi akwai faifan kamo intanet na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Saurayin da ke kula da kayan, wanda kowa ke kira injiniya, ya fi shan kira bayan sallar isha'i, lokacin da ɗakuna suka cika, kowa na kiran gida ta bidiyo.

Mai ɗaki ba ya biyan komai daban, kuɗin na cikin na masauki. Masu taro a zaure, ƴan biki da ɗaliban da ke zuwa cike fom su ke sayen katin awa ɗaya ko na wuni. Cinikin ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Kowane dare manaja kan gwada abin da na'ura ta rubuta da abin da ke aljihun tebur.

Akwai kuma amana. Na'urar ta san wa ya shiga, yaushe ya fita, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa otal nauyin tsare wannan sirri. Shi ya sa injiniya ya raba layin baƙi da na kwamfutar ofis, ya kuma toshe hanya tsakanin wayar wannan baƙo da ta wancan.

Maƙwabta ma ba a kore su gaba ɗaya ba. Maigadi da mai shayin bakin ƙofa suna da lambarsu ta wata-wata, mai ƙaramin gudu, kyauta. Manaja ya lissafa ta cikin haƙƙin maƙwabtaka, ba cikin asara ba.