Kafin Ka Karɓi Makullin Gidan Matafiyi

Duk shekara, da zarar jiragen alhazai sun fara tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, gidaje da yawa a Sakkwato kan yi tsit. Maigida da uwargida sun tafi, an kai yara wurin kakanni, an bar raguna biyu a turke, da akuya mai ciki, da tattabaru, wani lokaci har da kyanwar da ba ta san ko'ina ba sai gidan. Haka abin yake idan malamin jami'a ya tafi ƙaro ilimi, ko aka mayar da ma'aikaci Abuja, ko jinya ta kai iyali Masar ko Indiya. Dole a sami wanda zai kwana a gidan, ya kuma ba bisashen ruwa.

A tsofaffin unguwanni irin su Kanwuri da Ƙofar Rini wannan ba abin damuwa ba ne, domin babban gida ba ya rasa mutum. Matsalar ta gidajen Arkilla ce da Bado da Gwiwa da makamantansu, inda kowa ya ja katanga ya zauna daga shi sai iyalinsa. Akwai masu gadi, gaskiya ne, kuma tun bayan farin 1973 zuwa 1974 Buzaye suka yi suna a wannan aiki a biranen Arewa. Sai dai aikin mai gadi a bakin ƙofa yake ƙarewa. Ba shi zai lura tanki na yoyo ba, ba shi zai ga rago ya daina tuƙa ba.

Ga kuma masu neman wurin kwana na ɗan lokaci birjik a gari: ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da bai sami ɗaki ba, ɗan bautar ƙasa da ya fito daga sansanin Wamakko bai san kowa ba, ɗan kasuwar da zai yi wata guda, da mai jinyar ɗan'uwa a asibitin koyarwa. Haɗa waɗannan da masu tafiya shi ne riƙon gida.

Turawa sun mayar da shi tsari. A 2010 aka kafa kamfanin TrustedHousesitters a garin Brighton na Ingila. Mai gida da mai riƙo kowa kan biya kuɗin rajista na shekara, sannan mai riƙo ya zauna a gidan kyauta, ya kula da kare ko kyanwa, ba a biyansa ko sisi. Akwai masu zaga duniya ta wannan hanya. Amma matashin da ya gani a intanet ya fara lissafin Landan ya dakata. Kuɗin jirgi nasa ne, biza tasa ce, kuma jami'an shige da fice na wasu ƙasashe, har da Amurka, kan ɗauki masauki a madadin hidima a matsayin aiki, wanda bizar yawon buɗe ido ba ta yarda da shi ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sama maka “aikin riƙon gida” a Turai da albashi, ɗan damfara ne.

Abin da ke tafiyar da tsarin nasu shi ne shaidar da masu gidaje ke rubutawa a kan wanda ya riƙe musu. Mu ma muna da ita, sai dai tamu a bakin mutane take. Don haka mai son farawa ya fara da na kusa: kawu, malaminsa, maƙwabcin da zai je Argungu biki na kwana uku. Idan ya dawo ya tarar da gidansa kamar yadda ya bari, shi zai faɗa wa abokinsa mai shirin Umara. Baƙo kuwa sai ya nemi wanda zai tsaya masa, limami ko shugaban sashensa a makaranta ko wurin aiki. Kuma kafin maigida ya tashi, ya kai shi wurin mai unguwa da maƙwabta da 'yan sintiri su san fuskarsa. A halin tsaron da ake ciki, baƙuwar fuska tana buɗe gidan Alhaji da dare ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai fuskar.

Malaman fiƙihu sun daɗe da gama magana a kan irin wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Sakkwato, tana da bayanin ajiya. A mazhabar Malikiyya wanda aka ba ajiya amintacce ne: idan abu ya salwanta ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma idan ya yi sakaci, ko ya yi amfani da abin ba da izini ba, ko ya miƙa wa wani ba tare da uzuri ba, ramuwa ta hau kansa. A kawo wannan cikin gida. Ka ɗauki babur ɗin maigida ka je kasuwa aka sace, kai za ka biya. Ka ba abokinka makulli ka tafi ƙauye kwana biyu, abin da ya faru naka ne. Idan kuma da lada za a yi, to ya zama ijara, kuma ijara tana son a san ladan, a san aikin, a san ranar ƙarewa.

Nan ne kunya ke yi mana ɓarna. Maigida ya ce, “Ai gidanka ne, ɗana, ka yi yadda kake so.” Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba komai, Baba, Allah ya kai ku lafiya.” Babu wanda ya ce komai a kan kuɗin dusa, ko katin mita, ko 'yan garuwa idan famfo ya ɗauke. Bayan mako uku harawa ta ƙare, yaro ba shi da kuɗi, wayar Alhaji ba ta shiga. A ganina, wanda ba zai iya tambaya ba kada ya karɓi makulli. A zauna, a rubuta ko da a saƙon WhatsApp ne: ɗakunan da aka yarda ya shiga da waɗanda aka kulle, ko zai iya kawo baƙo, nawa aka bari na abincin dabbobi, da wanda zai kira a gari idan abu ya taso, mutumin da ke da ikon yanke hukunci. A zaga gidan tare a ɗauki hoton komai. Wannan kariya ce ga mai riƙo fiye da mai gida, domin shi ake zargi idan an nemi abu an rasa.

Dabbobin su ne ainihin aikin, ɗakin kwana ƙari ne kawai. Babbar Sallah ta 2024 ta faɗo 16 ga Yuni, ta 2025 kuma 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya. Ke nan aikin Hajji na shekaru masu zuwa zai riƙa faɗawa cikin Mayu da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Ragon da aka turke a rana, ko kajin da ruwansu ya ƙare da hantsi, ba za su jira ka dawo daga makaranta da la'asar ba. Ruwa safe da rana da yamma, inuwar da ba ta gushewa idan rana ta juya, shi ne farko.

Sai abinci. Kada ka canza abin da dabba ta saba da shi don nuna ƙwazo. Ragon da aka tula wa gero ko ragowar tuwo lokaci guda cikinsa kan kumbura, yana iya mutuwa a wuni ɗaya. Leda ma kisa take yi a hankali. Jar akuyar nan tamu da duniya ta san fatarta ba ta ƙin leda mai ƙanshin miya, don haka a tsince tsakar gida kullum. Dabbar da ta ƙi ci, ko ta fara zawo da majina, a ware ta daga sauran, a kira likita. Jami'ar Danfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a cikin gari, akwai kuma na gwamnatin jiha. Kada a tsaya jiran mai maganin kasuwa. Idan akwai kare a gidan, ka tambayi takardar allurar haukan kare kafin ka amsa, kuma ka je ya saba da kai tun mai shi na nan. Wanda ke ƙyamar kare ko tsoronsa ya faɗi gaskiya tun farko, ya fi ya bar shi a ɗaure da yunwa.

Akwai tambayar da ake yawan mantawa: idan rago ya kwanta yana shirin mutuwa, a yanka ko a bari? Idan Sallah ta zo mai shi yana Mina, wa zai yi masa layya, ko kuwa a kai kasuwar Kara a sayar? A karɓi amsar daga bakinsa kafin ya hau jirgi.

Gidan kansa ba ya son da yawa: a rufe tukunyar gas, a kashe injin jan ruwa idan tanki ya cika, a share magudana kafin ruwan farko, a leƙa ɗakunan da aka yarda saboda gara. Kada a ɗora hoton falon mutane a Facebook, domin sanarwa ce ga ɓarayi cewa masu gida ba sa nan.

Ku kuma masu tafiya, ku daina ɗaukar mai riƙon gida kamar wanda kuka yi wa alfarma. Ya hana kansa fita, ya kwashe kashin tumakinku wata guda cikin zafi. Ku bar masa kuɗin da zai isa har da rara, ku biya shi abin da kuka yi alkawari ranar da kuka dawo, ban da tsarabar dabino da zamzam, sannan ku faɗi alherinsa a gaban wanda zai yi tafiya bayanku.