Zafin Katin Hoto: Ciwon Da Ke Cin Jarin Masu Kwamfutar Wasa A Kurmi

Cikin sana'o'in da samarin Arewa mazauna Kurmi suka shiga, ban da cajin waya da sayar da kati, akwai shagon wasan bidiyo, inda yara da manya ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a allo. Galibinsu PlayStation suke ajiyewa, amma akwai waɗanda suka tafi kasuwar Computer Village da ke Ikeja suka haɗo kwamfutar tebur, domin tana ɗaukar wasanni masu yawa, ana kuma iya aikin haɗa bidiyon biki da ita da rana. To, irin wannan kwamfuta tana da wani ciwo da ya zame mata ƙarfen ƙafa a ƙasa mai zafi. Za a kunna ta da safe lafiya lau, a yi minti goma sha biyar ko ashirin ana wasa, sai fanka ta fara kuka kamar injin niƙa, hoto ya riƙa sarƙewa, wani lokaci ma allon ya yi baƙi ƙirin ana tsakiyar bugun fanareti. Mai shago ya mai da kuɗin mutane, gobe kuwa su wuce shagon maƙwabcinsa.

Mafi yawan lokaci mai laifin shi ne katin hoto, watau wannan faffaɗan allo mai fanka biyu ko uku da ke soke a cikin akwatin, wanda shi ke zana duk abin da ido ke gani. Shi ne kuma ya fi kome tsada a kwamfutar wasa. Wutar da yake sha ba kaɗan ba ce. GTX 1060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2016, wat 120 yake ci. RX 580 na AMD, na shekarar 2017, wat 185. RTX 3080 na 2020 kuwa wat 320, watau ya fi ƙwan lantarki biyar irin na da mai wat 60. Kusan duk wannan wuta zafi take komawa, kuma daga wani ɗan dutse take fitowa wanda bai kai faɗin akwatin ashana ba. Shi ya sa aka ɗora masa ƙarfe mai haƙarƙari da bututun jan ƙarfe, aikinsu ɗaya da lagireton mota.

Direban da motarsa ta yi zafi ba ya sauke inji sai ya dubi allurar da ke gabansa. Haka ya kamata mai kwamfuta ya yi. Akwai manhajoji na kyauta, irin su GPU-Z da HWiNFO da MSI Afterburner, masu nuna zafin kati yayin da ake wasa. Digiri 65 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas ba abin tayar da hankali ba ne. Katunan Nvidia da yawa sukan fara rage gudu da kansu wajen digiri 83 don kare rayuwarsu, wannan rage gudun ne mai wasa ke gani a matsayin sarƙewa. Idan kuwa kwamfuta ta mutu farat ɗaya alhali ma'auni na nuna 70, to a ƙyale katin, a dubi tukunyar wutar da ke cikin akwati ko janareton da ke waje. Wani abu kuma, katunan zamani da dama ba sa juya fanka sai zafi ya kai wajen digiri 50 ko 60, saboda haka ganin fanka a tsaye sa'ad da ba a wasa ba shaida ce ta lalacewa ba. An sha sayar wa mutum sabuwar fanka a kan wannan rashin sani.

Idan ma'auni ya tabbatar zafi ne, sai a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A cire murfin gefen akwati, a sa fankar ƙasa ta hura ciki, a sake wasa. In zafin ya sauka sosai, katin lafiyarsa ƙalau, iska ce ba ta shiga. Sau da yawa za a tarar an cusa akwatin ƙarƙashin benci, bayansa manne da bango, cikin shagon kwano da mutum goma ke numfashi. Kati ba ya iya sanyaya kansa sai da iskar ɗakin, kuma kowane digiri da ɗakin ya ƙaru, kusan haka zai ƙaru a jikinsa. A watan Fabrairu da Maris, lokacin da zafin Ikko ke wuce digiri 32 a waje, cikin irin wannan shago sai wanda ya shiga.

Sai ƙura, wadda ita ce uwar matsalar. Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato zai ce ai Kurmi ba ta da ƙura. Tana da ita, kuma tata ta fi naci. Ƙurar Arewa busasshiya ce, ana hura ta ta tashi. Ta Ikko kuwa tana haɗuwa da laimar teku da hayaƙin janareto, ta daskare tsakanin haƙarƙarin ƙarfen kamar tsumma, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa. Maganinta a kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a kwance katin, a share da busasshen buroshi mai laushi, sannan a hure da bulowa. Amma fa a danne fankar da yatsa lokacin hurawa, domin idan iska ta juya ta da gudun da ya wuce kima, gindinta na iya lalacewa. Inda ake aiki kullum, duk wata biyu ko uku bai yi yawa ba, balle bayan hazon hunturu.

In an yi duk wannan zafi bai sauka ba, magana ta kai ga kirim. Tsakanin dutsen katin da ƙarfen sanyaya akwai wani kirim mai ruwan toka da ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, domin zafi ya ƙetare. Bayan shekaru yakan bushe ya tsattsage. Katunan da ke nuna zafin wuri mafi zafi a dutsen sukan tona asirinsa: tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakaninsa da zafin gaba ɗaya daidai ce, in ta haura 25 kuwa masu gyara sukan zargi kirim. Ana goge tsohon da auduga da sifirit mai ƙarfi, a shafa sabo daidai rufe dutsen, a ɗaure sukurori huɗun nan a gicciye, kaɗan-kaɗan. Man goge baki da wasu ke sawa ba ya kwana biyu. Akwai kuma wasu 'yan katifu masu laushi a kan ƙwayoyin ajiyar katin, kowace da kaurinta. Wanda ya musanya ta milimita ɗaya da ta milimita biyu zai ɗage ƙarfen daga kan dutsen, ciwon ya fi na da. Kuma kafin a taɓa sukuru, a tuna cewa mai sayarwa na iya ƙin karɓar kayan da aka yage wa takardar shaida.

Wanda ba ya son kwance kome yana da wata dabara. A MSI Afterburner ana iya rage iyakar wutar da kati ke sha zuwa kashi 80 cikin ɗari. Gudun da za a rasa kaɗan ne, a wasan ƙwallo da wuya mai kallo ya lura, ga sauƙin zafi, ga sauƙin man janareto.

Wajibi ne kuma a ambaci kayan gwanjo, waɗanda a Ikko ake kira tokumbo. Shekaru da dama mutane a ƙasashen duniya sun tara katunan hoto suna haƙar kuɗin intanet na Ethereum da su, dare da rana babu hutu. Ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ya sauya tsarinsa, haƙar da kati ta ƙare, sai katunan suka kwararo kasuwannin kayan hannu. Ba dukansu ne matattu ba, da yawa fanka da kirim kaɗai suka gaji, kuma waɗannan suna sauyuwa. Abin tsoro shi ne katin da ya riga ya mutu, aka gasa shi da iska mai zafi ya farfaɗo, irin wannan yakan yi 'yan makonni ya koma. Saboda haka mai saye ya nemi a soka katin a gabansa, a sa masa wasa mai nauyi ko manhajar gwaji irin FurMark na rabin sa'a, idonsa na kan ma'auni da allo. In ya ga ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi sun fara bayyana a hoton, ya mai da kuɗinsa aljihu ya leƙa shago na gaba.