Hanyar Gabas da Motocin da Suka Bi Ta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku sani, ya ku masu karatu, alhajin da ya hau jirgin sama a Kano da hantsi, ya sauka Jidda kafin faɗuwar rana, yana ƙetare wata hanya ce wadda kakanninsa suka yi shekaru suna takawa. Ita ce ake kira hanyar gabas. Ya kamata a san labarinta, domin har yanzu akwai dangi a bakinta.

A zamanin da, mai niyyar Makka ya kan yi wasiyya, ya biya bashi, ya nemi gafarar maƙwabta, gama ba ya sa rai da komowa. Sa'an nan ya shiga ayari a ƙarƙashin madugu, da jakuna da takarkarai, mai hali kuwa da doki ko raƙumi. Daga Kano a nufi Barno, daga Barno a shiga Bagarmi da Wadai, a ratsa Darfur da Kurdufan har bakin kogin Nilu. Inda guzuri ya ƙare, nan za a yada zango, a yi noma ko ɗinki ko koyar da yara, har a sami na gaba. Saboda haka wani ya kan yi shekara uku, wani bakwai, wani kuwa ajali ya riske shi a hanya.

A 1903, bayan da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira da jama'a mai yawa, ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin nan har yau da sunan Mai Wurno ake kiransa.

Abin da ya fara gajarta hanyar shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, na Sudan kuma ya kai Ubayyid a 1912. Amma tsakanin kawunan nan biyu ba ƙarfe ko taku ɗaya, sai daji da rairayi da tabo. Wannan giɓi shi ne mota ta zo ta cike. A 1948 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai wadda aka sani da WAPA, suna ɗaukar mutane a manyan motoci. Sunan nan ne ya bi wurin nan na Fagge inda ake canjin kuɗi. Ba abin mamaki ba ne, gama matafiyin wancan lokaci ya kan bar gida da fam, ya shiga ƙasar Faransa ya nemi faranka, ya isa Sudan ya sake kuɗi, kafin ya riƙe riyal.

Motar kuwa ba ta jin daɗi ba ce. Injin da ƙashinta daga Ingila suke zuwa, irin su Bedford da Austin, bodin kuwa kafintoci ne ke haɗa shi da katako. Mutum biyu ko uku masu hali su ke zama gaba tare da direba, sauran jama'a a baya bisa benci ko bisa ƙunshin kayansu. A ɗaure durom na mai da salkunan ruwa, a ɗora tayoyin safiya, da shebur, da gatari, da igiya, da faffaɗan ƙarfe ko katako na shimfiɗawa a ƙarƙashin taya. Direba shi ne madugu, shi ne kuma makaniki, domin in ƙarfe ya karye a dajin Wadai ba wurin wanda za shi. Yaron mota kuwa aikinsa ba ya ƙarewa. Shi ne mai wana hannu a tada inji, shi ne mai dirowa da waji in mota ta tsaya a hawa, shi ne mai like taya da tsakar rana.

Daga Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, ta Fataskum da Damaturu, nan kuwa da sauƙi. Wahala tana farawa bayan Dikwa, inda ƙasa ta zama baƙin yumɓu da Barebari ke kira firgi. Da rani ya kan tsage ya yi tauri, mota ta yi ta tsalle. Ruwa ɗaya in ya sauka, sai ya kama taya kamar danƙo. Daga Gamboru a shiga Kamaru, a isa Kusuri, a ɗora mota bisa jirgin fito a haye zuwa Fort Lamy, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973. Tun daga shiga Kamaru kuma sai direba ya sake hannu, domin Nijeriya ta kasance tana tuƙi ta hagu har 1972, ƙasashen Faransa kuwa ta dama.

Daga nan a bi ta Ati zuwa Abeshe, birnin sarakunan Wadai, a kai Adire, a shiga Sudan ta Janaina. Tsakanin Fashir da Nuhud da Ubayyid rairayi ne mai laushi. In mota ta kafe, babu malami babu attajiri, kowa zai sauko. A rage iskar taya, a haƙe gabanta, a shimfiɗa ƙarfe, maza su tura, ta ɗan matsa, a ɗauko ƙarfen a sake kai shi gaba. Shi ya sa direbobi suka fi son tafiyar dare da asuba, lokacin da rairayi ya yi sanyi, inji kuma ba ya tafasa. Makeran Sudan sun ƙware wajen ƙarfafa motar Bedford domin wannan ƙasa, har suka sa mata suna Sifinja, watau silifa, saboda laushin tafiyarta.

Akwai kuma lissafin da ba a yin sakaci da shi. Watan Zulhajji yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, damina kuwa tana nan a lokacinta, kuma in ta kankama a kan rufe hanyoyin Cadi. Shekarar da lokacin tafiya ya faɗo cikin ruwa, tilas a tashi da wuri, a je a yi zaman jira a Sudan. Wanda ya makara, sai baɗi.

A Ubayyid ake sallamar mota a hau jirgin ƙasa, wanda daga 1959 ya kai har Nyala. A haye Farin Nilu a Kosti, a wuce Sinnar. Wanda kuɗinsa ya ƙare ya sauka a Jazira, inda madatsar ruwan Sinnar ta 1925 ta buɗe gonakin auduga, ya yi tsinka har ya tara kuɗin jirgi. Da yawa sun yi aure a nan, sun haifu, niyyar shekara ɗaya ta zama zaman har abada. Saura su isa Sawakin, a duba takardun allura, a tsare su kwanaki saboda annoba, sa'an nan su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Abin da ƙafa ke ci a shekaru, mota ta mai da shi makonni ko 'yan watanni.

Da jirgin sama ya yawaita, sai hanyar ta fara tsufa. A 1975 gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, tafiya ta koma ta kujera da kuɗi a dunƙule. An huta da ƙishirwa da kafewa, wannan ni'ima ce. Amma talakan da a da ke tafiya yana neman guzuri da ƙarfinsa, ƙofarsa ta ƙuntata. Bayan haka fitina ta ƙara toshe abin da ya rage. Yaƙin Darfur ya tashi a 2003, rikicin Barno a 2009 ya mai da hanyar Dikwa da Gamboru abin tsoro, a 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan. Dubban mutanen Janaina suka gudo Adire da ƙafa da amalanke, a kan turbar nan da alhazai suka bi suna fuskantar gabas.

Cikin waɗanda wannan masifa ta shafa akwai jikokin mutanen Kano da Sakkwato da Katsina da Barno, masu jin Hausa har yau. Zumunta a ƙafa take, in ji mutanen da, to ga shi ƙafa ta daina bi. Wanda ya san yana da dangi a can, ya neme su, ya aika musu abin da ya sawwaƙa. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya hau motar gabas, ya zauna gabansa ya rubuta zangunan da ya bi tun yana da rai.

Allah ya kwantar da fitina, ya buɗe hanyoyi, ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a bakinsu. Haza wassalam.