Inda Ba Mai Shi, Nan Ƙasa ke Zaizayewa

Bayan ruwan farko na damina, rafuffukan Garo da sauran ƙauyukan Kabo da Gwarzo a jihar Kano sukan yi jajawur. Saman ƙasa ne ruwa ya kwaso, wanda manomi ya shekara yana zuba wa taki, yana gangarawa da shi kogin Challawa da madatsun ruwan yankin, inda yake kwanciya ya cinye musu zurfi.

Tun daga Oktoba har Mayu ƙasa ba ta ganin ruwa. An kwashe kara da harawa, dabbobi sun lashe abin da ya rage, kofato ya danne ƙasa ta yi tauri. Da ruwan Yuni ya sauko da ƙarfi, ba ganye ba ciyawa da za su tare shi, sai ya farfasa ƙasa, ya toshe ƙofofin da zai nutse, ya bi gangare a guje. Turbar shanu ta zama kwata, kwata ta zama kwazazzabo. Haka abin yake a dazuzzukan Maroko da kudancin Sifen, inda dogon rani da yawan awaki ke barin tsaunuka tsirara kafin ruwa ya zo.

An saba ɗora wa manomi laifin sare itace, kuma a ganina an zalunce shi. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna gonakin kewayen birni, duk da cunkoson jama'a, sun riƙe bishiyoyinsu. Mai gona ba ya sare ɗorawar da ke ba shi kalwa, ko kukar miya, ko gawon da ke kaɗe ganye da damina ya ba gero taki, da rani kuma ya ciyar da tumaki. Ɓarnar tana dajin da ba na kowa ba: makiyaya, burtali, bakin rafi. Can mai gatari da mai gawayi ke shiga, musamman da kuɗin gas da kananzir ya gagari talaka. Noma kuma ya ci wuraren kiwon da dokar 1965 ta tanada a Arewa, har garken da ya kamata ya bazu ya matsu a ɗan fili guda.

Mutanen Maraɗi sun gano mafita tun shekarun 1980, suna kiran ta sassabin zamani. A maimakon tumɓuke kututturen sabara da kalgo, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari su tashi, domin saiwar tana nan da rai a ƙasa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, galibi bayan manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne.

Kano na cikin jihohin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL, na dala miliyan 700, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Amma rabon dashe kaɗai ba zai wadatar ba, don akuyar rani ba ta barin tsiron da ba a killace ba. Abin da nake so in gani a Kabo da Gwarzo shi ne a sake shata burtali, a zaunar da dagatai da arɗo-arɗo su yanke wane fili za a hutar bana, wane za a buɗe baɗi, kuma a biya masu gadinsa har tsiron ya fi ƙarfin bakin akuya.